Awon Lafiyar Baffa da Kawu Bawa

Garin Isa, Jihar Sakkwato
Laraba, cikin watan Mauludi

Zuwa ga Yayana Muntaka, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah ya sa takardar ga ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Kadijatu da yaran duka. Allah ya tsare ku a garin mutane, ya sa albarka cikin aikinka, ya kuma maido muna da kai lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Bilki ta shiga aji biyu, kullum sai ta dawo da littafi a yage ta ce iska ce. Anas ya fara tahiya, ya kuma fara ɓarna, jiya ma cikin randa na tsamo takalmin babanshi. Can Turba an yanke gero a gonakin kusa da gari, ya yi kyau ba laifi, amma gonar fadama da ta bakin daji ba wanda ya leƙa su bana, ka san dalili ba sai na rubuta ba. Jar saniyar Inna ta haihu, mace ta samu, kuma nono ya wadata.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni, ni da kake cewa ko saƙon waya ina ƙyuyar rubutawa. To, tun da aka katse layin waya a yankin ga, mai son kira sai ya hau mashin ya nufi wajen Sabon Birni, can kusa da iyaka, ya nemi tudun da layin Nijar ke kamawa, ya tsaya cikin mutum talatin, kowa ya ɗaga waya sama, kowa na jin na kowa. Maganar da ke bakina ba ta faɗi a kan tudu ba ce. Shi ya sa na ba Malam Hafizullahi direba, mai kai shanu kudu, na ce ya danƙa maka hannu da hannu. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Za ni faɗa maka komai tun daga farko, kuma ka yi haƙuri in ka ga ina kai da komowa, don wallahi kaina a ɗaure yake, ni kaina ban gama gane abin da ya same mu ba.

Kai ne ka tada maganar ga da ka zo Babbar Sallah. Ka ce a kamfaninku duk shekara ana auna lafiyar ma'aikata tun daga ido har ƙafa, ko da mutum bai yi ko tari ba, ka ce tsoho ya fi kowa buƙatar haka, don akwai cututtukan da ke zama cikin jiki shiru, sai sun gama ɓarna su bayyana. Na yarda da kai a lokacin, har na ce ai abin ya zo da sauƙi tunda maigidana, Baban Bilki, a ɗakin gwaji na asibiti yake aiki. Kai ka faɗi taka ka koma Fatakwal, ni ka bar ni da Baffa. Sau uku ina tahiya Turba kan maganar. Zuwan farko ya tambaye ni wa ya ce mani ba shi da lafiya. Na biyu ya ce shi tun da yake bai taɓa jin an kai mai lafiya asibiti ba, sai in ana son a nemo mashi ciwon da ba shi da shi, kuma in ƙarfi nake son gani in zo in ƙirga dammunan geron da ya ɗaure da hannunshi. Na uku ban ma yi magana da shi ba, na bi ta wajen amininshi Kawu Bawa. Ka san su, tare suka yi fataucin shanu tun kafin a haife mu, yanzu kuma da Kawu ya baro Gangara ya dawo maƙwabtaka da gidanmu, akushi ɗaya suke ci safe da yamma a ƙofar gida. Kawu ya ce shi yana so, dama idonshi na hagu ya daɗe yana gani dishi-dishi. Da Baffa ya ji Kawu ya yarda, sai ya ce to shi ma za ya bi shi, amma a sani rakiya ce kawai. Inna kuwa ta ce a gama da maza tukuna ta ga yadda suka fito.

Ranar wata Litinin da sassafe suka iso cikin rigunansu na Juma'a, ba su karya ba, don an ce kada su sa komai a baki sai ruwa. Tun daga ƙofa Kawu yake mitar an hana shi ko ɓarin goro. Rikici ya fara ne wajen yankan kati. Da aka tambayi shekarunsu, Baffa ya ce shi dai yana kiwon maruƙa aka ce Turawa sun tahi, Kawu ya ce shi a lokacin har ya fara riƙe galma. Malamar da ke yankan katin ta rubuta musu saba'in-saba'in, Kawu ya ce bai yarda ba, ya girmi amininshi Labbo da damina biyu, a gyara. Aka ɗora su a sikeli kamar buhun wake, aka ɗaure musu damtse da abin nan mai kumbura don awon hawan jini, aka soki yatsa, aka kuma ɗebi jini a hannu har kwalba uku-uku. Baffa ya bi kwalaben da ido, ya tambayi ko za a maido mashi in an gama dubawa. Aka liƙa musu wayoyi a ƙirji don duba bugun zuciya, aka sa su rufe ido ɗaya su nuna da hannu inda ƙafafun wani baƙi ke kallo a jikin allo. Abin da ya fi ɗaure wa Baffa kai shi ne har aka ci rabin aikin ba wanda ya tambaye shi ina ke mashi ciwo. Ya ce wanga wane irin asibiti ne, ana ta ɗibar mutum ba a tambayi abin da ya kawo shi ba. Da likita ya tashi tambayar kuma, sai ya ce lafiyarshi lau, rakiya ya zo.

Na ƙarshe shi ne fitsari. Ka gafarce ni Yaya, dole in rubuta abin da sunanshi. Aka ba kowannensu 'yar roba mai jan murfi, an liƙa takarda da sunan mai ita, aka nuna musu bayan gida can ƙarshen baranda, aka ce in sun gama su miƙa ta tagar ɗakin gwaji. To wa ke zaune bayan tagar? Baban Bilki. Wallahi ni ko a raina ban kawo komai ba, ina can kan benci riƙe da sandunansu da kwanon furar da za su karya da ita. Sun daɗe ba su fito ba. Da suka fito, Kawu ne ya tahi taga da robobin biyu a naɗe cikin hannun rigarshi, Baffa ya tsaya nesa yana kallon iccen dogon yaro. Na ga haka da idona, na ce a raina kunyar suruki ce, mutumin da shekara tara bai taɓa cin ko gyaɗa a gaban mijina ba ai ba za ya miƙa mashi wannan ba. Har daɗi na ji da Kawu ya rufa mashi asiri. Suka sha fura, suka hau mota, suka koma.

Bayan kwana uku na je karɓo sakamako wajen likitan, wani saurayi ne mai haƙuri, mutumin Zariya. Na Kawu a fili yake: suga a jini, suga a fitsari, ga hawan jini, idon kuma yanar ido ce ta rufe shi. Ya ce za a ɗora shi kan magani, idon ma ana iya gyarawa. Takardar Baffa ce ya daɗe yana juyawa. Zuciya lafiya, hanta lafiya, hawan jini babu, ido ya fi nawa gani. Sugan da aka auna a yatsa daidai yake. Amma fitsarin cike yake da suga, sannan jinin jikinshi ya yi ƙasa ƙwarai, irin na mutumin da ke zubar da jini ta wani wuri. Na tambayi likita shin yana da ciwon suga ko ba shi da shi, ya ce jini ya ce babu, fitsari ya ce akwai. Na tambaye shi wanne ke faɗin gaskiya, ya ce shi ma abin da yake son sani ke nan, wani lokaci ƙoda ce ke sakin suga haka, a kawo shi a sake gwaji, kafin nan a ba shi maganin ƙarin jini amma kada a ba shi na suga. Na fito da takardu biyu a hannu ban san ko in yi hamdala ko in yi kuka ba. A motar Turba na karanta ta Baffa har sau biyar, ban ƙaru da komai ba sai ciwon kai.

Kuskurena shi ne da na isa na faɗi kalmar suga a tsakar gida. Ni cewa na yi ana zato, amma kafin la'asar gari ya ɗauka Malam Labbo da Malam Bawa sun je asibiti da ƙafafunsu sun dawo da ciwon suga. Mutane suka yi ta sallama ana yi wa Baffa sannu da jiki, shi kuwa yana zaune yana tufkar igiya. Wata ta kawo ganyen zogale, wani ya kawo saiwar da ban san sunanta ba, wani ya ce a daina ba shi tuwon gero sai na alkama, wani ya ce a'a, alkamar ce ma ke kawo shi, acca ake ci, mu da ba mu taɓa ganin acca a kasuwar Isa ba. Inna ta ɓoye zuma, ta hana dabino, fura ma sai tsararo ba suga. Na ce mata likita bai ce a hana shi komai ba, ta ce ai ni da bakina na ce suga. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Baffa bai yi gardama ba ko sau ɗaya. Mutumin da in aka rage gishiri a miya sai an jiyo shi daga zaure, aka miƙa mashi ruwan ganye mai ɗaci ya shanye, ya ajiye kwano ya ce madalla. Duk wanda ya ce mashi ya jikin, sai ya amsa da sauƙi, sai ka ce ya samu ciwon da ya daɗe yana nema. Na yi ta kallonshi, na rasa gane kanshi.

Baban Bilki ne ya fara gano bakin zaren. Wata rana da ya dawo aiki ya ce in kawo takardun, ya jera su kan tabarma, ya sa yatsa yana bin layin fitsari na Kawu da na Baffa. Layi goma ne ko sha ɗaya, kuma ko ɗaya bai saɓa ba. Ya ce shekararshi goma sha biyu a ɗakin nan bai taɓa ganin mutum biyu sun yi daidai haka ba, ko tagwaye. Hankalinshi ya tashi, yana tsoron ko shi ne ya auna roba ɗaya sau biyu, har ya kasa cin abinci. Washegari ya koma ya bincika, ya tabbata biyu aka kawo kuma biyu ya auna. Na ce mashi ya tambayi Baffa mana. Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa, ya ce in ni ɗiyarshi ba ni iya tambayarshi, shi suruki da wane baki. Gaskiya ya faɗi, ni ma ba ni iyawa. Sai na sake komawa wajen Kawu, tunda shi ko mi ka tambaye shi za ya amsa har da ƙari.

Na iske shi yana shan inuwa bayan rumbu, yana kukan an raba shi da shayi. Na yi ta kewaye-kewaye har ya gaji ya ce in faɗi abin da ya kawo ni. Da na faɗi sai ya fashe da dariya har hularshi ta faɗi ƙasa. Ya ce ai shi ne ya cika duka biyun. Wai da suka shiga, Baffa ya tsaya da robar a hannu ya ce shi ba ya iya aika wa mijin ɗiyarshi da wanga abu, ko da ta hannun wani ne, tunda ga sunanshi a jiki. Kawu ya ce mashi ya kawo, mi ye a ciki, shekara hamsin tuwo ɗaya suke ci, rijiya ɗaya suke sha, abin da ke cikin Bawa shi ke cikin Labbo, in an auna ɗaya ai an auna biyu. Kuma Yaya, da gaske yake, har yau bai ga laifin da ya yi ba, cewa yake aikin zumunci ya yi. Ni ma na yi dariya har da hawaye, na ce mashi sun sa an hana Baffa zuma sati biyu a banza. Na dawo Isa ranar jikina sakayau, na gaya wa Baban Bilki ya sauke ajiyar zuciya, likita ma da ya ji sai da ya riƙe baki. Amma shi likitan bai yi dariya da yawa ba. Ya ce to maganar suga ta fita, saura ta jinin da ya yi ƙasa, kuma har yanzu ba wanda ya ga fitsarin dattijon ga.

Muka shirya komai yadda kunya ba za ta shiga ba. Baban Bilki ya ce za ya ɗauki hutun kwana ɗaya ya bar garin ma gaba ɗaya, don kada su haɗu ko a hanya, wani abokin aikinshi baƙo wanda bai san kowa a Turba ba shi za ya karɓa. Na aika wa Baffa, ya ce ranar yana da roron wake. Muka sa wata rana, ya ce maraƙa ba ta da lafiya. Na ce to in aiko da robar gida, ba suna a jiki, Kawu ya kawo, amma wannan karon nashi na kanshi. Sai ya aiko mani cewa a bar shi haka nan, ya riga ya saba da ganyen, sugan da aka ce yana da shi ya karɓa, ba ya neman wani. Nan kaina ya sake ɗaurewa fiye da da. An gaya wa mutum ba shi da ciwo, ya ce a'a yana da shi, a bar mashi abinshi? Har fushi na yi, Allah ya yafe mani, na ce wa Baban Bilki tsufa ne ya fara taɓa shi.

Ranar kasuwa sai ga Inna a gidana, ita da sai haihuwa ko rasuwa ke fito da ita daga Turba. Ta ce man shanu ta kawo wa yara. Ta wuni, ta yi wa Bilki kitso, ta tsince mani shinkafa, ta yi zancen kowa a duniya ban da wanda ya kawo ta. Sai da la'asar ta yi, ta yafa mayafi, na rako ta zaure, sannan ta tsaya ta juya mani baya tana gyaran takalmi, ta yi magana kamar da bango take. Ta ce tun kafin saukar damina mai gidan ya daina ba ta wandunanshi wanki, da kanshi yake wankewa can bakin rijiya, ya shanya a bayan rumbu. Ta ce ya daina zagayawa a gida, sai ya ɗauki buta ya yi nisa cikin gona, in ya gama ya tura ƙasa da ƙafa. Ta ce rana ɗaya tana korar akuya ta bi ta wurin, ta ga ƙasar, ja ce. Ba ta taɓa tambayarshi ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba, kuma in na ce daga bakinta na ji ba ta yafe ba. Ta sa kai ta fita. Ni kuwa na zauna a ƙasan zauren, Anas na ta jan zanina yana son nono.

Washegari na gaya wa likita ba tare da na faɗi inda na ji ba. Ya ce yana iya zama tsargiya irin wadda masu shiga tafki ke samu, wadda ƙwaya kaɗan ke kashewa. Yana iya zama tsakuwa. Yana kuma iya zama wani abu a mafitsara wanda in an gan shi da wuri ana iya taimako, in an bar shi ya daɗe kuma sai yadda Allah ya yi. Ya ce ga mai shekara saba'in da ya yi wata biyar yana haka har jininshi ya ragu, shi ba za ya yi zato ba, sai an kai shi Sakkwato an yi hoton ciki, wataƙila har a sa na'ura a leƙa. Ya rubuta takarda ya ce kada a yi jinkiri. Na tambaye shi wanne ne cikin ukun, ya ce bai sani ba. Ni na gaji da wagga amsa, Yaya. Tun da aka fara awon ga, duk wanda na tambaya cewa yake bai sani ba. Da ina da uba lafiyayye mai ɗaure dami, yanzu ina da takardu uku da uban da ban san mi ke cikinshi ba, kuma ba za ni ɓoye maka ba, ban san ko in gode maka ko in yi maka faɗa ba. Na san dai ba awon ne ya sa mashi ciwon ba. Na kuma san da ba a miƙa mashi robar nan ba, da har yau muna nan muna yaba ƙarfinshi.

Shekaranjiya na je Turba. Na iske shi shi kaɗai da hantsi a gindin aduwa, yana gyaran ƙotar gatari. Na durƙusa na gaishe shi, na zauna gefe ina kallon wani wuri, na ce likita ya ce jinin da ya ragu yana da hanyar da yake bi, kuma mai jikin ya fi kowa sanin hanyar. Ya ci gaba da gyaran ƙotar. Bai ma tambayi wa ya gaya mani ba. Can ya ce tsargiya ce, duk yaron da ya yi kiwo bakin tafki ya yi ta, shi ma ya yi ta yana yaro ta tahi da kanta. Na ce in ita ce ai da sauƙi, sai a duba a tabbatar. Ya ce wadda ya sani dai ba ta zuwa da gudan jini. Kai, Yaya! A nan na gane ya fi mu duka sanin abin da yake tsoro, kuma ba kunyar Baban Bilki kaɗai ta sa ya miƙa wa Kawu robar ba. Na gaya mashi maganar Sakkwato. Ya ce ya ji yadda ake yi a can, ana tuɓe mutum a kwantar da shi, kuma dole wani nashi ya tsaya kusa ya riƙe mashi kaya ya ji abin da likita za ya faɗi. Ya ce ba za ya yi wannan a gaban ɗiya mace ba, ba kuma a gaban suruki ba, Bawa kuwa yanzu shi ma abin a riƙe ne. Na tambaye shi to wa yake so. Na ɗauka za ya ce a bar wa Allah, har na shirya kukana.

Sai ya ajiye gatarin ya ce in rubuta wa Muntaka ya zo. Haka ya faɗi, da sunanka. Yaya, kai ne ɗan farinshi, ka fi ni sanin shekara arba'in da 'yan kai sunan ga bai taɓa fita daga bakinshi ba, ko ranar aurenka yaron nan ya ce, in ya matsu ya ce na Fatakwal. Na ɗaga kai na dube shi don na ɗauka kunnena ne, sai ya sake faɗi, a hankali. Daga nan ya ɗauki gatarinshi ya ci gaba da aiki, bai ƙara kallona ba har na tashi.

Don haka kada ka aiko da saƙo, kada kuma ka ce wani ya tsaya a madadinka. Ka nemi izini wajen aiki ka taho. Hanyar Sakkwato ana binta da rana in motoci sun yi ayari, Baban Bilki ya san direbobin da ake yarda da su, ni kuma za ni riƙe takardun har ka iso. Ka gaida Yaya Kadijatu da kyau, ka ce mata ta yi haƙuri da wagga tahiya ta gaggawa. Ka shafa mani kan Talha da Rahmatu da auta Ni'imatullahi. Baban Bilki na gaishe ka, Bilki da Anas na gaida kawunsu. Kawu Bawa ya ce a gaya maka maganin ya karɓe shi, amma kai ne ka raba shi da shayi, yana jiranka ku yi shari'a. Inna ba ta ce a gaishe ka ba, ka san ba ta faɗi, amma mai mashin da ya zo daga Turba yau da safe ya ce ta sa an share ɗakinka. Ya kuma ce tun jiya Baffa ya ɗauke tabarmarshi daga ƙofar gida ya mai da ita bakin hanya, inda motar Isa ke sauke mutane. Ban gaya wa Baffa ranar da takardar ga za ta iske ka ba, don ni ma ban sani ba. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa mu ji alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Basira Labbo